Daga Bakalori zuwa Chennai: Abin da ya kamata a sani game da abincin Kudancin Indiya

Duk wanda ya tashi a Maradun, ko Talata Mafara, ko Bakura, ya san shinkafa tun tana shanshera a gona har ta zama tuwo, ko masa, ko sinasir. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a can Kudancin Indiya akwai al'umma mai mutane fiye da miliyan 250 da ita ma ta ɗora karin kumallonta a kan ƙullun shinkafa da aka bari ya kwana ya tashi.

Sanin haka yana da amfani. 'Yan Arewa na zuwa Indiya neman magani da karatu, kuma manyan asibitocin da suke nufa da yawa a Kudu suke, a biranen Chennai da Hyderabad da Bangalore. Alhazai da 'yan kasuwa kuma na cin karo da gidajen abincin mutanen Kerala a Jidda da Dubai, kamar yadda ake samun gidajen abincin Indiyawa a Abuja da Kano da Legas. Sau da yawa baƙo kan dubi takardar jerin abinci ya ga sunayen da bai taɓa ji ba, sai ya haƙura da shayi da burodi, alhali abin da ke gabansa ɗan'uwan abincin gidansu ne.

Kudu daban, Arewa daban

Indiyar da Bahaushe ya fara sani ta fina-finan Hindi ce, wato ta Arewa da birnin Mumbai. A Arewacin ƙasar alkama ce kan gaba, ana cin gurasa irin su capati da nan da miya mai kauri. Kudu kuwa jihohi biyar ne: Tamil Nadu, Kerala, Karnataka, Andhra Pradesh da Telangana, wadda aka ƙirƙiro a 2014. Harsunansu Tamil ne da Malayalam da Kannada da Telugu, kuma daga wannan yanki ne yawancin fina-finan da ake fassarawa zuwa Hausa a yau suke fitowa. Abincinsu ya dogara ne a kan shinkafa da nau'o'in wake da kwakwa da tsamiya da kindirmo.

Ƙullu ɗaya, abinci iri-iri

Tushen karin kumallon yankin ƙullu ne guda. Ana jiƙa shinkafa kashi uku ko huɗu, da kashi ɗaya na wani ƙaramin baƙin wake da suke kira urad, wanda aka surfe ya zama fari, tare da 'yar hulba. Bayan awa huɗu zuwa shida sai a markaɗa, a sa gishiri, a rufe ya kwana. Kafin gari ya waye ya kumbura ya yi ɗan tsami. A bisa al'ada ba a sa masa yis. Ƙwayoyin halittar da ke jikin waken ne ke tayar da shi, yauƙin waken kuma shi ke riƙe iskar a cikin ƙullun, shi ya sa abincin ke fitowa da laushi kamar soso.

Idan aka zuba ƙullun a cikin ƙananan gurabe aka turara shi, sunansa idli. Fari ne tas, ba a soya shi, saboda haka a can ana yawan ba yara da marasa lafiya. Idan aka tsinka ƙullun aka shimfiɗa shi siriri a kan faffaɗan kasko har ya yi ƙaras-ƙaras, ya zama dosa. Idan aka naɗe dosa da dafaffen dankalin Turawa da albasa da kurkur a cikinsa, shi ne masala dosa, wanda ya fi kowane abincin yankin suna a duniya. Akwai uttapam, mai kauri da ƙananan ramuka a fuska, ana barbaɗa masa albasa da tumatir da tarugu. Wanda ya san sinasir zai gane shi da kallo ɗaya. Sai paniyaram, wanda ake soyawa a kasko mai gurabe, kasko da babu abin da ya raba shi da tandar masa sai ƙanƙantar gurbi. Vada kuwa markaɗaɗɗen wake ne da aka soya cikin mai da huji a tsakiya, ɗan'uwan ƙosai na jini.

Masana sun daɗe da lura da wannan kamanni. A 1998 mujallar Food and Nutrition Bulletin ta buga binciken da I. Nkama na Jami'ar Maiduguri ya yi tare da N. G. Malleshi na cibiyar binciken fasahar abinci da ke Mysore a Jihar Karnataka. Sun gwada yin masa da shinkafa ko gero haɗe da wake ko gyaɗa, suka nuna cewa ƙarin yana inganta sinadarin gina jiki da ke cikinta. Dalilin mai sauƙi ne: abin da hatsi ya gaza a kansa wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kansa hatsi yana da shi. Mai cin shinkafa da wake ya riga ya san wannan hikima a aikace, su kuwa mutanen Kudancin Indiya sun shigar da ita cikin ƙullun tun daga markaɗe.

Miyar tsamiya da zogale

Ba a cin idli ko dosa gaya. Abokin tafiyarsu na farko shi ne sambar, miya mai ruwa-ruwa da ake yi da wani nau'in wake mai yin 'yar bishiya, wanda a wasu sassan Arewa ake kira waken Turawa. Ana dafa shi har ya narke, a zuba ruwan tsamiya da barkono da kurkur, sannan kayan lambu irin su kuɓewa da gauta da kabewa. Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne zogale. A nan ganye aka fi ci, su kuwa dogayen 'ya'yan ne suke yankawa a miya, a tsotse cikin a zubar da ɓawon. A gefe ana kawo markaɗaɗɗiyar kwakwa da barkono, wadda suke kira catni.

Rasam romo ne marar nama, na tsamiya da tumatir da masoro da tafarnuwa, kuma mai mura ne ya fi sanin daɗinsa. A Andhra Pradesh da Telangana, inda aka fi ko'ina son yaji, akwai ganyen da suke alfahari da shi mai suna gongura, wanda suke dafawa da naman akuya ko su yi yajin ajiya da shi. Dangin yakuwa da rama ne, da tsaminsa da komai.

Wannan zumunta tana da tarihi. Gero da dawa da tamba da wake duk a Afirka aka fara nomansu, suka isa Indiya dubban shekaru da suka wuce; mafi daɗewar shaidar noman gero da aka gano a Mali take, a Kwarin Tilemsi. Tsamiya ma 'yar Afirka ce, amma ta zauna a Indiya har Larabawa suka sa mata suna tamar hindi, wato dabinon Indiya. A ƙauyukan Tamil Nadu har yau ana dama gero a bar shi ya yi tsami, a sha da nono a lokacin zafi, abin da ba shi da nisa da fura. A Karnataka kuma ana tuƙa garin tamba a mulmula, a ci da miya ba tare da tauna ba, daidai da tuwo. Daga can kuma zogale da mangwaro da darbejiya suka zo mana.

Yadda ake zama a ci

Da rana, gidajen abincin Kudu suna kawo abin da ake kira tali, wato babban faranti mai ƙananan kwanuka a kewaye, ko kuma a shimfiɗa ganyen ayaba a zuba komai a kansa. Ana fara cin shinkafa da sambar, a biyo da rasam, a rufe da shinkafa da kindirmo domin kashe zafin yaji. Akwai kuma payasam, kunun shinkafa ko taliya da madara da zaƙi. A wurare da yawa kuɗi ɗaya ake biya, masu hidima su yi ta ƙara shinkafa da miya har mutum ya ɗaga hannu. Da hannun dama ake ci, kuma kowane gida yana da wurin wanke hannu. Abin sha na ƙarshe gahawa ce da madara, a ƙaramin kofin ƙarfe.

Irin waɗannan gidaje suna da tsohon tarihi. Masu dafa abinci daga garin Udupi na gaɓar tekun Karnataka ne suka yaɗa su zuwa manyan birane. Gidan MTR na Bangalore tun 1924 yake aiki, kuma shi ne ya fito da idli na tsakin alkama lokacin da shinkafa ta yi ƙaranci a Yaƙin Duniya na Biyu. Saravana Bhavan, wanda aka buɗe a Chennai a 1981, yanzu yana da rassa a ƙasashen Larabawa da Turai da Amurka.

Batun halal da lafiya

Gidajen abincin Indiyawa kashi biyu ne. Akwai waɗanda ba sa dafa nama ko kifi ko ƙwai ko kaɗan, alamarsu koren ɗigo a cikin murabba'i, kuma a nan batun yanka bai taso ba. Akwai kuma masu dafa nama, inda ya kamata Musulmi ya tambayi yadda aka yi yanka. Hyderabad, mai shahararriyar dafa-dukar biriyani, da yankin Malabar na Kerala, inda Musulmi ke da yawa tun zamanin fataken Larabawa, wurare ne da naman halal ba ya wuyar samu. Abubuwa biyu suna buƙatar lura. Abincin yankin Kodagu na Karnataka ya shahara da naman alade. Sannan appam, wata wainar shinkafa da madarar kwakwa ta Kerala, a gargajiyance da bammi ake tayar da ƙullunta. Da yawa sun koma yis, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Mai ciwon sukari ya tuna cewa idli da dosa farar shinkafa ce, komai laushinsu. Akwai dosa na tamba, da pesarattu na koren wake, waɗanda za a iya tuntuɓar likita a kansu. Wanda cikinsa ba ya ɗaukar yaji kuwa ya fara da idli da shinkafa da kindirmo.

Abin da ya shafi manomin Bakalori

Madatsar ruwan Bakalori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Kogin Sakkwato aka kammala a 1978, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma an tsara ta ne domin shayar da hekta 23,000 a Maradun da Talata Mafara da Bakura. Mutanen yankin sun biya ta da tsada: a watan Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka. Daga baya kayan aikin suka lalace, har aka sanya ta cikin shirin gyaran noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. A yau kuma matsalar 'yan bindiga ta hana manoma da yawa sakewa a gonakinsu.

Bayan duk wannan wahala, manomi yakan sayar da shinkafarsa tana shanshera, ribar sarrafa ta ta tafi wani gari. A nan ne Kudancin Indiya ke da abin koyi. Birnin Coimbatore ya yi suna wajen ƙera ƙananan injunan markaɗe masu dutse, waɗanda suka shiga gidaje da shaguna. A 2005 wani matashi ɗan Kerala mai suna P. C. Musthafa da 'yan'uwansa suka fara sayar da ƙullun idli da dosa a leda daga wani ƙaramin ɗaki a Bangalore, sana'ar da ta zama kamfanin iD Fresh Food, mai kai kaya har ƙasashen Larabawa. Abin da suka sayar shi ne sauƙi: matar gida ta huta da jiƙo da markaɗe da jiran tashi.

Mai masa a Talata Mafara ta iya haɗa ƙullu ba tare da kowa ya koya mata ba, kuma shinkafa da wake da gero duk a ƙofarta ake nomansu. Abin da ke tsakaninta da kasuwar Gusau ko Sakkwato shi ne wutar lantarki da za ta riƙe firji, domin ƙullu ba ya daina tsami sai a cikin sanyi, sai ruwa mai tsafta, da rajistar hukumar NAFDAC, da hanyar da direba zai bi da asuba ba tare da fargaba ba. Ko kafin a samu waɗannan, gwada ƙara ɗan wake a ƙullun masar yara 'yan makaranta abu ne da kowace mai tanda za ta iya farawa da shi, tunda binciken Maiduguri da Mysore ya riga ya nuna amfaninsa.