Bayan Fiɗar Maƙoƙo, A Bar Haɗin Kemis

Wanda aka yi wa fiɗar maƙoƙo a Sakkwato ya dawo gida Sabon Birni ko Isa, abu biyu kan dame shi: zugin ɗinki a wuya, da haɗiyar yawu da ta zama aiki. Sai 'yan dubiya su shiga kawo shawara. Wannan ya ce taramol, wancan ya aiki yaro kemis a haɗo "na ciwon jiki".

Zafin wannan tiyata bai kai na fiɗar ciki ba, kuma yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa likitoci da dama yanzu suke wadatuwa da farasitamol haɗe da maganin kumburi irin su ibuprofen ko diclofenac. Inda wuƙa ta bi, jiki yakan fitar da sinadarin prostaglandin, mai kawo kumburi da ƙara wa jijiyoyi jin zafi, su kuwa magungunan nan samar da shi suke hanawa. Ba sa sa maye, ba sa kama mutum. Mu da muka ga yadda taramol ya yi da samarinmu, wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Sai dai wuya wuri ne matsattse, ga maƙogwaro a tsakiya. In jini ya taru ƙarƙashin ɗinki yana iya danne hanyar numfashi. Hakan kan sami kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, galibi a awa 24 na farko. Magungunan kumburi suna rage saurin daskarewar jini, don haka likitan da ya yi aikin ne ke faɗin ranar farawa. Tasirin ibuprofen a jini kan gushe cikin kwana guda, na asfirin kuwa yakan kai kwana 7 zuwa 10. To, wa ya san abin da ke cikin ƙullin ledar kemis? Ana iya cin karo da asfirin da diclofenac da ibuprofen a ƙulli ɗaya, 'yan gida ɗaya da bai kamata a gama su ba.

Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma, da mai juna biyu, su sanar da likita tun kafin sallama. A sha maganin kumburi bayan an ci abinci, a yawaita ruwa, musamman da bazara, domin ƙishi da maganin kumburi in sun haɗu ƙoda ce ke jin jiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanya. Kowa ya san ba a bin titin Isa zuwa Sabon Birni ko na Goronyo da dare da kwanciyar hankali, kumburin wuya kuma ba ya jiran gari ya waye. 'Yan'uwa, kada a matsa wa likita da roƙon sallama. In da hali, a ƙara kwana biyu wurin dangi a Sakkwato. Da zarar wuya ya cika, numfashi ya soma ƙara, ko leɓe da yatsu suka fara mazari, a ajiye ƙwaya a nufi asibiti mafi kusa nan take.