Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Kayan Da Mai Hawan Dutsen Chappal Waddi Zai Ɗaura

A kowace shekara idan damina ta ɗauke, akan sami samari ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa daga Ikko da Badun da Fatakwal suna haɗa kuɗin mota don su je su hau Chappal Waddi, watau dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. A cikinsu akwai 'yan Arewa mazauna Kudu, waɗanda sukan ce ai gida za su, ba su bukatar wani dogon shiri. To, a nan ne gizo yake saƙa, domin wanda ya saba da zafin Agege ko Sabon Badun, ko da a Kano aka yanke masa cibiya, bai san irin sanyin da yake jiransa a can sama ba.

Dutsen yana Jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, tsawonsa kuwa mita 2,419, watau ƙafa 7,936. Ana kuma ce da shi Gangirwal, har ana yi masa kirari da Dutsen Mutuwa. Yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa a 1991, kuma babu gandun da ya kai shi faɗi a ƙasar nan, gama ya zarce murabba'in kilomita 6,000. Babban ofishin gandun yana Serti, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali ta haura Gembu. Daga hukumar gandun ake karɓar izni, ita ce kuma take haɗa baƙo da ma'aikacin da zai yi masa jagora.

Wanda ya bi ta gefen tsaunin Mambila, ta Nguroje da Njawai, tafiyarsa ta 'yan kwanaki ce. Wanda kuwa ya taso daga ƙauyen Gashaka a ƙasa, yana iya share mako guda ko fiye a daji. Ko ta ina aka bi dai, da zarar an bar ƙauyen ƙarshe babu kanti, babu asibiti, a wurare da yawa ma waya ba ta kamawa. Abin da mutum ya goya a bayansa shi ne gatansa.

Sanyi da jiƙa

Mutane da yawa sun ɗauka tsawon dutsen shi ne abin tsoro. Likitoci kuwa sun nuna cewa ciwon kai da jiri da ƙarancin iska yake kawowa yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, Chappal Waddi kuwa bai kai nan ba. Wannan matsala ta masu hawan dutsen Kamaru ce da ke Buea, wanda ya zarce mita 4,000. Abokan gāban mai hawan Chappal Waddi biyu ne, sanyi da jiƙa, kuma idan suka haɗu da iska sun fi kowane naman daji haɗari.

Ga yadda lissafin yake. Duk mita 1,000 da mutum ya haura, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Ikko tana bakin teku ne. Saboda haka ranar da ma'aunin zafi ya nuna 30 a Obalende, a ƙwanƙolin dutsen abin da za a samu bai wuce 14 ko 15 ba, da rana tsaka ke nan. Idan dare ya yi, jaura ta taso, raɓa ta sauka, sai abin ya yi ƙasa sosai.

Zafin jikin ɗan Adam mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Ruwa kuwa yana janye zafin jiki fiye da yadda iska take yi har wajen sau 25. Ashe ke nan mutumin da ya yi gumi sharkaf a wajen hawa, sa'an nan ya zauna hutawa a cikin iska da jiƙaƙƙiyar riga, ya fi wanda yake sanye da busasshiyar riga mara kauri shiga wahala. Duk shirin tufafi a kan wannan magana ɗaya yake: jiki ya zauna a bushe, iska kuma kada ta same shi.

Tufafi hawa uku

Shadda da atamfa da wandon jins da singiletin auduga duk kayan gari ne. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta yi nauyi, ta daɗe ba ta bushe ba. Babbar riga kuwa ƙaya za ta yi ta kamawa, iska kuma ta mai da ita kamar tantin da aka kafa ba turaku. A bar su a masauki a Serti ko Gembu, a sa su ranar dawowa.

Masu hawan duwatsu sukan sa tufafi hawa uku. Na farko, wanda yake manne da fata, riga ce ta roba irin ta 'yan ƙwallo, mai dogon hannu, domin ba ta riƙe gumi, kuma in an wanke ta nan da nan ta bushe. Na biyu suwaita ce ta ulu, ko mai laushin nan irin ta bargon jarirai, gama ulu ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi. Na uku rigar ruwa mai hula, wadda take tare ruwa da iska gaba ɗaya. Amfanin wannan tsari shi ne, idan ana hawa jiki ya ɗau zafi sai a tuɓe suwaita tun kafin gumi ya keto, idan an tsaya sai a mayar nan take. Ƙatuwar kwat guda ɗaya ba ta ba mutum wannan dama.

Riga biyu da wando biyu sun isa, ko da tafiyar ta kwana biyar ce. Ɗaya ta tafiya, ɗaya ta barci. Ta barcin nan a ƙulle ta cikin leda, kada a yarda a taɓa ta da rana komai jiƙewar ta tafiya. Da safe, ko da ta jiya ba ta gama bushewa ba, ita za a daure a mayar, domin wanda ya jiƙa duka biyun ba shi da inda zai fake da dare. A haɗa da hular sanyi mai rufe kunne, da safar hannu, da malafa ko hular hana-salla saboda rana, gama ranar kan dutse tana ƙuna ko da iska tana da sanyi. Mata kuma su sa dogon wando a ƙarƙashin riga mai saukowa gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda ba zai riƙa sarƙewa a reshe ba.

Duk waɗannan kaya ba sai an shiga babban kanti ba. Mazauna Ikko sun san kasuwar gwanjo ta Katangowa da ta Yaba, inda ake zube suwaita da rigunan ruwa da jakunkunan goyo. A duba ɗinki da zif, a kuma zuba wa rigar ruwan ruwa a gida a gani ko tana yoyo.

Ƙafa ita ce mota

Babu kuskuren da ya fi yawa kamar sayen sabon takalmi ana gobe tafiya. Sabon takalmi yana cin ƙafa, wanda kuwa dunduniyarsa ta sale a rana ta farko ya zama kaya ga abokan tafiyarsa. A sayi takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu, mai ƙasa mai gargada, tun saura wata guda, a riƙa zuwa kasuwa da wurin aiki da shi. Ya kasance akwai ɗan fili a gaban yatsu, domin a wajen gangara ƙafa takan zame gaba, farce ya yi ta dukan bakin takalmi har ya mutu. Wanda ya sami zarafi ya je ya gwada takalmin da jakarsa cike a dutsen Olumo na Abekuta ko duwatsun Idanre na Jihar Ondo.

Safa ƙafa uku, masu kauri, na ulu in an samu, ɗaya ta barci kaɗai. A kuma riƙe takalmin roba mai maɗauri saboda ƙetare rafi, domin ƙoramun gandun nan da suke zuba a kogin Taraba suna da duwatsu masu santsi. Silifa ruwa zai tafi da ita. Da damina, daga wajen Afrilu zuwa Nuwamba, ƙoramun sukan cika su tare hanya, shi ya sa aka fi yin tafiyar daga Disamba zuwa Maris. Sanda mai ƙwari irin ta makiyaya tana rage wa gwiwa aiki ƙwarai.

Nauyin jaka

Ƙa'idar da masu wannan harka suke bi ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. Mutum mai kilo 65 ke nan kada jakarsa ta wuce kilo 13. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in ya ɗauki lita uku saura kilo 10. A cikin goman nan ne tanti da bargo da abinci da tufafi za su shiga. Saboda haka rediyo da kwalabe da gwangwanaye da tulin kayan kwalliya ba su da wuri. Ana samun 'yan dako a ƙauyukan da ke gindin dutsen, amma su ma mutane ne, a yi ciniki da su tun a gida, a kuma tabbata suna da abin rufa da abinci.

Jakar ta zama ta goyo mai ɗamara a ƙugu, domin nauyin ya sauka a kwankwaso maimakon kafaɗa. A fara shimfiɗa babbar leda a ciki. Bargo da kayan barci a ƙasa, abinci da masu nauyi a tsakiya daf da gadon baya, rigar ruwa da tocila da magani a sama inda hannu zai kai da sauri. Abin shimfiɗa na soso ko roba wajibi ne, gama ƙasa tana zuƙe ɗumin mai barci fiye da iska. Tocila mai ɗaurawa a goshi ta fi, tare da batir na canji. Ashana a kasa ta gida biyu, kowace a cikin ledarta. Waya da batirin cajinta a kwana da su a cikin bargo, domin sanyi yana cinye caji.

Guzurin kaka da kakanni

Wajen abinci ɗan Arewa ba ya bukatar koyo a wurin kowa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna yin watanni a hanya, kuma irin guzurinsu har gobe babu kamarsa: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dakuwa, dabino, gumba, da garin rogo da sukari. Ba su da nauyi, ba sa lalacewa da wuri, ga riƙe ciki. A ƙara da ganyen shayi, madarar gari, shinkafa ko taliya, da ɗan mai da yaji da gishiri. Wake kuwa a bar shi a gida. A can sama ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 92, saboda haka dahuwa tana jan lokaci tana cin makamashi. Don wannan dalili ne kuma ruwan rafi, komai garai-garai ɗinsa, ake barinsa ya yi minti uku yana tafasa kafin a sha.

Ƙunshin magani ya ƙunshi filasta, bandeji, aidin, maganin ciwon jiki, na zazzaɓin cizon sauro, da man korar ƙwari saboda ƙudan tsando a dajin ƙasa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ya ga likita tukuna, ya kuma riƙe maganinsa har da rara. In gudawa ta kama wani, a dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa.

Kowa a ayarin ya san alamun wanda sanyi ya ci ƙarfinsa: karkarwa, harɗewar harshe, tuntuɓe, ruɗewa da jin barci. In karkarwar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani. A kai shi inda iska ba ta bugawa, a tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai sukari in yana iya haɗiya. Kada a mutsuka masa hannu da ƙafa.

Ibada da ladabi

Ƙaramar buta da siririyar sallaya ba su da nauyi. Malamai sun bayyana cewa matafiyin da tafiyarsa ta kai mil 48 yana yin kasaru, kuma an halatta taimama ga wanda ya rasa ruwa ko yake tsoron ruwan zai cuce shi. Mai niyya ya tambayi malaminsa tun kafin ya tashi. Ƙaramin kamfas yana nuna alƙibla, yana kuma nuna hanya ranar da hazo ya rufe dutsen.

A kan tsaunukan nan akwai rugagen Fulani, kuma baƙo ba ya ratsa ƙasar mutane bai gai da Jauro ko Arɗo ba. Ƙullin goro daga Shagamu, da sukari da ganyen shayi, sun isa gaisuwa. A riƙe katin shaida, tun da yake wurin bakin iyaka ne. A kashe wuta sarai kafin a bar zango, gama ciyawar rani ba ta da wuyar kamawa. Leda da batir da aka hau da su a sauko da su. A kuma bar wa wani na gida sunayen 'yan ayari da ranar da ake sa ran dawowa, a tambayi ma'aikatan gandun halin da hanya take ciki.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda yake da niyyar zuwa a hutun ƙarshen shekara, yanzu ne lokacin shiga kasuwa, ya sayi takalminsa, ya cika jakarsa ya ɗora ta a sikeli, ya fitar da abin da ba shi da amfani. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya komo da shi ga iyalinsa lafiya.