Halin haihuwa da halin koyo: darasin dabbobi ga ƴan lakol

Malaman lakol, yaran da ke gabanku su ne masu kora awaki daji da ba jaki ruwa. Saboda haka darasin halayen dabba ba sai an tsaya a allo ba. Ku fita da su bakin garke ko cikin gida.

Halin dabba iri biyu ne. Akwai wanda aka haife ta da shi, akwai wanda ta koya. Ɗan akuya yana faɗowa, kafin awa guda ya miƙe yana laluben nono, ba wanda ya gwada mishi. Sa kuwa ba a haife shi da sanin garma ba, sai an hore shi sannu-sannu.

Misalin da yara suka fi ganewa shi ne na kaza. In an sa mata ƙwan zabi, bayan kwana 26 zuwa 28 ta ƙyanƙyashe, ƴan zabin su bi ta kamar uwarsu, don ita suka fara gani. Amma in ƙwan agwagwa ne, ƴaƴan na ganin ruwa sai su faɗa, kaza tana bakin tabki tana ta kuka. Bin kaza koyo ne, iyo kuma na haihuwa ne.

To, ga inda abin ya shafi dukiyarmu. Akuya tana lasar ɗanta da halin haihuwa, amma sanin warinshi koyo take yi, cikin awoyin farko kaɗai. Sau nawa aka kira ni wai akuya ta ƙi ɗanta, in na bincika sai in tarar yara ne suka ɗauke shi suna wasa tun yana jiƙe! Jar akuyar Maraɗi, mai yawan tagwaye, ta nan ake asarar guda. Ɗan da aka ƙi ba ya samun dakashi, nonon farko mai kare shi daga cuta, kuma bayan kwana guda hanjinshi ba ya ƙara ɗaukar wannan kariya. Sai zawo, sai mutuwa.

Tsoro ma koyonshi ake yi. Maraƙin da ya saba da sanda, ranar allurar rigakafi mutum uku ba su riƙe shi.

Ku ba kowane yaro aiki: ya lura da dabba guda a gidansu mako ɗaya, ya kawo hali biyu, ya faɗi wanne ne na haihuwa, wanne ne na koyo. In gardama ta tashi cikin aji, a bar su su yi.