Kafin Ka Dangwala Yatsa: Haƙƙin Mai Bi Idan Masu Binciken Lafiya Sun Zo



A damunar da ta wuce, wani mai bishara da ke kula da ƙaramar ikilisiya a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kaugama ya kira ni a waya. Ya ce wasu samari sun zo da kwamfutocin hannu, suna so bayan sujada a tara musu mata masu goyo a majami'a. Za su yi tambayoyi a kan zazzaɓin yara, su ɗauki hoton kowane yaro, su kuma sa alamar kowane gida a taswira. Tambayarsa gajeriya ce: "Fasto, in yi sanarwar ko kada in yi?"

Na tambaye shi wanda ya aiko su, da wanda ya ba su izini, da inda hotunan za su tafi. Bai sani ba, domin bai taɓa jin cewa yana da ikon tambaya ba. Saboda shi da ire-irensa na rubuta wannan koyarwa. Idan fasto ya yi sanarwa daga bagade, jama'a sukan ɗauka an riga an bincika komai, don haka nauyin da ke wuyanmu ba ƙarami ba ne.

Bincike dabam, jinya dabam

Da farko mu raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Idan ka kai yaronka asibitin Haɗeja aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, wannan jinya ce. Idan ma'aikata sun zo da rigakafin da hukuma ta riga ta amince da shi, wannan aikin kiwon lafiyar jama'a ne. Bincike kuwa shi ne neman amsar abin da ba a riga an sani ba: ko sabon magani yana aiki, ko sabuwar na'ura tana gano ciwo daidai, ko me ya sa tsargiya ta yi yawa a tsakanin yaran da ke wanka a fadama.

Bincike abu ne mai kyau, kuma muna cin amfaninsa. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafin sanƙarau mai kare mutum daga iri 5 na ƙwayar cutar, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara kai shi. Da wasu ba su yarda an gwada shi a jikinsu ba, da bai iso wurin 'ya'yanmu ba. Bulus ya kira Luka likita, ya kuma ƙaunace shi, kamar yadda muke gani a Kolosiyawa 4:14. Kada wani ya karanta wannan rubutu ya je ya ƙi rigakafi. Abin da muke nema shi ne a yi bincike da gaskiya.

Abin da ya faru a Kano a 1996

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Najeriya, ta kashe mutum fiye da 11,000. A tsakiyar wannan annoba kamfanin magunguna na Pfizer daga Amurka ya zo Asibitin Zana a Kano, ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara wajen 200. Kimanin rabinsu an ba su Trovan, sauran an ba su wani magani da aka riga aka sani domin a kwatanta. Yara 11 suka mutu, 5 cikin masu Trovan, 6 cikin ɗaya rukunin. Wasu suka rayu da kurumta ko shanyewar jiki.

Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, ya kuma ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun sami yardarsu da baki. Iyayen kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. A ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta fallasa labarin. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin da aka nuna, mai ɗauke da sunan kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mai da kwanan watanta baya. A 2007 gwamnatin Kano da ta tarayya suka kai ƙara. A 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, shekara 15 bayan abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan yaran nan kaɗai ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, labarin Trovan yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da yawa, har ta kai Indonesiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Idan amana ta karye a wuri ɗaya, yaran da ba su ji ba su gani ba ne suke biya.

Su wa ke sa ido a yau?

Duniya ta daɗe tana kafa ƙa'idoji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, shari'ar likitocin Jamus a Nuremberg ta kafa ƙa'idar cewa ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, wadda aka sake gyarawa a watan Oktoba na 2024.

A Najeriya muna da Kwamitin Ƙasa na Ɗa'ar Binciken Lafiya, wanda ake kira NHREC, a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi. Shi ne yake yi wa kwamitocin ɗa'a na asibitocin koyarwa da jami'o'i da jihohi rajista. Kafin mai bincike ya taɓa mutum ɗaya, dole ya kai tsarinsa gaban irin wannan kwamiti. Kwamitin zai auna amfani da haɗari, ya duba takardar neman yarda, ya ga yadda za a kare sirri, sa'an nan ya ba da izini a rubuce, da lamba da kwanan wata. Dokar 2014 ta ce sai mutum ya ba da yardarsa a rubuce, bayan an gaya masa manufar binciken da abin da zai iya jawo wa lafiyarsa. Idan yaro ne, sai iyaye ko mai riƙo sun yarda.

Abin da waya ta canja

A 1996 haɗarin yana cikin allura da ƙwaya. Yau mai bincike zai iya shiga ƙauye ya fita bai ba kowa magani ba, amma ya tafi da abu mai daraja: sunanka, lambar wayarka, hoton fuskarka, zanen yatsanka, muryarka, ciwonka, da daidai inda ɗakinka yake a taswira.

Waɗannan na'urori sun yi mana amfani. A yaƙi da shan inna, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam aka zana taswirar ƙauyukan arewa, aka ba masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, har aka gano rugage da unguwannin da ake tsallakewa. Wannan yana cikin abin da ya taimaka aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a ranar 25 ga Agusta, 2020. A kwarin Haɗeja, inda ambaliya takan raba gari da gari, saƙon waya yakan kai labarin amai da gudawa kafin mota ta iya wucewa. Duk da haka akwai sababbin haɗura guda huɗu.

Na ɗaya, bayani ba ya tsufa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Takarda gara takan ci, amma abin da aka tura ta intanet ana iya kwafarsa sau dubu, a ajiye shi a wata ƙasa, a yi wani aiki da shi bayan shekara goma. A Ingila, asibitin Royal Free na Landan ya ba kamfanin DeepMind na Google bayanan majinyata kimanin miliyan 1.6 domin gwada wata manhajar ciwon ƙoda. A 2017 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ce asibitin ya saɓa doka, domin ba a sanar da majinyatan yadda ya kamata ba. Idan haka ta faru a Landan, mu ma sai mu buɗe ido.

Na biyu, cire suna bai isa ɓoye mutum ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ƙauyen da gidajen Kirista ba su wuce biyar ba, idan an rubuta cewa mace ce, Kirista, mai shekara 32, mai 'ya'ya huɗu, tana da ciwo kaza, aka kuma sa alamar gidan a taswira, kowa ya san ko wace ce. Idan ciwon irin wanda ake ƙyama ne, kamar ƙanjamau ko yoyon fitsari, aurenta da mutuncinta suna cikin haɗari.

Na uku, waya ɗaya takan yi wa gida duka aiki. Saƙon sakamakon gwaji da aka tura wa mace yana iya faɗawa hannun miji, ko ɗa, ko mai cajin waya a kasuwa. Mai bincike na gari zai tambaya tun farko wa yake riƙe wayar.

Na huɗu, na'ura tana iya kuskure a kanmu. A watan Disamba na 2020 wani bincike daga Jami'ar Michigan ya nuna cewa na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini takan kasa nuna ƙarancin iska a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata. Haka ma manhajojin ƙirƙirarriyar basira: daga hotuna da bayanan da aka ba su suke koyo, kuma idan ba namu ba ne, suna iya ɓata. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a a kan amfani da su a harkar lafiya.

A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, aka kafa hukumar da ke kula da ita. Dokar ta sa bayanin lafiya, da addini, da zanen yatsa, da ƙwayoyin gado cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma wanda ya yarda yana da ikon janye yardarsa.

Abin da Maganar Allah take koya mana

Tushen wannan duka yana Farawa sura 1, inda muka koyi cewa an halicci mutum cikin kamannin Allah. Matar da ba ta iya karatu ba tana da daraja ɗaya da farfesan da ya tsara binciken. A Daniyel sura 1 akwai gwaji na kwana goma a kan abinci. Ku lura, Daniyel ne da kansa ya nema, ya san abin da za a kwatanta, an sa wa gwajin iyaka, kuma an duba sakamakon a fili. Littafin Firistoci 19:14 ya hana a sa wa makaho abin tuntuɓe. Wanda ya miƙa wa tsohuwa doguwar takarda da Turanci a fuskar waya ya ce ta dangwala, yana cin amfanin abin da ba ta gani. Karin Magana 31:8-9 kuma ya ɗora mana aikin yin magana domin waɗanda ba sa iya yi wa kansu.

Tambayoyi bakwai kafin a yi sanarwa

1. Wace jami'a, ko asibiti, ko ƙungiya ce ta aiko ku, kuma wa ke biyan kuɗin aikin?

2. Ina takardar izinin kwamitin ɗa'a? A duba sunan kwamitin, da lamba, da kwanan wata. Shin Ma'aikatar Lafiya a Dutse da sashen lafiya na ƙaramar hukuma sun san da zuwanku?

3. Bincike ne ko jinya? Idan an sami mara lafiya, wa zai yi masa magani?

4. Me za ku ɗauka: hoto, murya, jini, zanen yatsa, ko wurin gida? Wanne ne dole, wanne ne ba dole ba?

5. Ina za a ajiye bayanan, wa zai gan su, har zuwa yaushe, kuma za a ba wani kamfani ko wata ƙasa?

6. Idan mutum ya canja ra'ayi gobe, wace lamba zai kira? A karɓi lambar kwamitin ɗa'a, ba ta mai binciken kaɗai ba.

7. Yaushe za ku dawo ku gaya mana abin da kuka gano?

Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, da murna ma zai amsa. A nemi a karanta takardar yarda da Hausa, a gaban shaida da mutumin ya zaɓa, a kuma bar masa kwafi.

Gargaɗi gare mu shugabanni

Yardar fasto ba ta maye yardar mutum. Haka ta dagaci, haka ta miji. Muna iya buɗe ƙofa, amma kowane baligi shi zai ce i ko a'a, kuma wanda ya ƙi ba ya rasa magani a asibiti. Kada mu ba da littafin sunayen membobi ko lambobin wayar zumuntar mata ba da saninsu ba. Kada a yi tambayoyin sirri a tsakiyar majami'a inda kowa yake ji. Idan an ba mu wani abu domin mu tara mutane, mu faɗa wa dattawa a fili. Sabulu ko kuɗin mota ba laifi ba ne, amma kyautar da ta yi girman da matalauci ba zai iya cewa a'a ba ta zama tarko. Mu kuma gaya wa maƙwabtanmu Musulmi abin da muka koya, gama rijiya ɗaya muke sha, ciwo ɗaya yake kama 'ya'yanmu.

Mai bisharan nan ya koma ya yi tambayoyin. Samarin ba su da takardar a hannu, sai suka kira shugabansu, bayan kwana uku suka dawo da ita. Aka yarda ba za a ɗauki fuskar yara ba, aka yi hirar a ɗaki, mace ɗaya bayan ɗaya. Yawanci sun shiga, mata biyu suka ce ba su so, ba wanda ya tsangwame su.

Ubangiji ya ba mu hikimar karɓar abu mai kyau, da ƙarfin halin tsare tumakin da ya danƙa a hannunmu. Amin.