Tsohuwar Bindigar Gandirobobi Da Ta Fi Sabuwar Mota Tsada

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a bakin iyaka ya san cewa ba kyaun haja kaɗai ke sa mata kuɗi ba. Akwai ƙarancinta, akwai takardunta, akwai kuma hannun da ta fito. Yau mun kawo wa masu karatu labarin wata haja ta ƙasar Amurka wadda waɗannan abubuwa uku suka mayar da ita dukiya, wato tsohuwar bindiga mai aman wuta da ake kira Thompson.

Wani janar ɗin sojan Amurka mai ritaya, John Thompson, shi ya jagoranci ƙera ta domin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai dai kafin ta kammala yaƙin ya ƙare. A 1921 kamfanin Colt ya fara ƙera guda 15,000, ana sayar da kowace a kan dala 200, kusan rabin kuɗin motar Ford a wancan zamani. Nauyinta ya kusa kilo 5, ana ɗora mata gidan harsashi mai cin 20, ko zagayayye mai cin 50 ko 100. Amma fa ta yi kwantai, domin sai da aka shafe kusan shekara 20 kafin kayan su ƙare.

Waɗanda suka fara yi mata suna ba mutanen kirki ba ne. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa, sai 'yan fasa-ƙwaurinta suka riƙa kashe juna a kan kasuwa. Ranar 14 ga Fabrairu 1929 aka harbe mutum 7 a wani gareji a birnin Chicago da irin wannan bindiga. Da hukuma ta ga ɓarayi sun fi ta makami, sai ofisoshin 'yan sanda da gidajen yari su ma suka shiga saye.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Bindigar da aka saya don tsare fursuna, in aka yi sake, ita ce za ta buɗe masa ƙofa. Ranar 3 ga Maris 1934 wani gawurtaccen ɗan fashin banki, John Dillinger, yana tsare a gidan yarin Crown Point a jihar Indiana. Da guntun katako da aka sassaƙa kamar ƙaramar bindiga ya razana masu gadi, ya kulle su, ya ɗauki Thompson guda biyu na gidan, ya shiga motar shugabar 'yan sandan yankin ya yi gaba.

A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta buɗe kurkukun Alcatraz a wani tsibiri daura da birnin San Francisco, inda aka kai irin su Al Capone. Ƙa'idar gidan ita ce, gandiroban da ke yawo cikin fursunoni ba ya riƙe bindiga ko kaɗan. Masu bindiga suna can saman hasumiya, ko cikin wani keji na ƙarfe da aka ɗaga sama da ɗakunan fursunoni, suna kallon ƙasa. Hikimar a fili take: ba a ba kura ajiyar nama.

Duk da haka sai da aka ga iyakar dabarar. Ranar 2 ga Mayu 1946 wani fursuna mai suna Bernard Coy ya hau kejin nan, ya buɗa sandunan ƙarfen da wani abin da aka harhaɗa a ɓoye, ya kutsa, ya buge mai gadi ya ƙwace doguwar bindiga da ƙarama. Da bindigogi biyun nan kacal fursunoni suka riƙe gidan har kwana biyu, sai da aka kira sojan ruwa. Gandirobobi 2 da fursunoni 3 suka mutu, aka kuma zartar wa wasu 2 hukuncin kisa a 1948. Abin da ya hana su fita shi ne mabuɗin ƙofar fili, wanda wani gandiroba mai suna William Miller ya ɓoye, shi ma a rikicin ya rasa ransa. An rufe Alcatraz a 1963, tun 1973 kuma masu yawon buɗe ido ke ziyartar sa.

Yanzu bari mu koma kan ciniki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera Thompson fiye da miliyan ɗaya da rabi, har farashin guda ya sauko zuwa dala 45. To me ya sa a yau ta Colt ɗin nan ta 1921 takan haura dala dubu 30 a wurin gwanjo?

Amsar tana cikin doka. A 1934 Amurka ta wajabta yi wa kowace bindiga mai aman wuta rajista, tare da harajin dala 200 duk lokacin da ta canja hannu, wato daidai da kuɗinta na asali. Sannan a watan Mayun 1986 aka rufe ƙofar rajistar ga farar hula. Wadda ta shiga littafi kafin ranar ta shiga, wadda ba ta shiga ba ta makara har abada. Kaya ba sa ƙaruwa, masu nema kuwa kullum ƙaruwa suke. Mai saye sai ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa, ya jira amincewar hukuma, wasu jihohin ma sun hana gaba ɗaya.

Masu tara irin waɗannan kayan tarihi lambar jikin bindiga suke fara dubawa, domin da ita ake bin sawun wanda ya fara sayen ta. In takardu suka nuna daga ma'ajiyar wani gidan yari ko ofishin 'yan sanda ta fito, kuɗinta ya ƙaru. Akwai ofisoshin da suka sayar da nasu tsofaffin suka sayi kayan aiki na zamani da kuɗin. Wasu kuma ba na sayarwa ba ne ko nawa za a taya, kamar guda biyun da aka yi kisan Chicago da su, waɗanda ke hannun 'yan sandan yankin Berrien a jihar Michigan tun ƙarshen 1929. Bindigar da ba ta da rajista kuwa, ko da ta Capone ce, ba ta da kasuwa, mai ita ma ɗauri ke jiran sa.

Muna jan kunnen 'yan'uwa a nan, kada wani ya ji kuɗi ya ruɗe. Wannan kasuwa ta Amurka ce, dokar can ce ta haife ta. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin haramtattu, tsufanta kuma ba ya wanke ta. In wani ya kawo maka tsohon ƙarfe a buhu ya ce kayan tarihi ne ka tsallaka masa da shi, ka ce masa Allah ya ba da sa'a, ka ci gaba da cinikinka.