Wasan Sarakuna

Idan kaka ta yi, an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, kara yakan yi yawa cikin gari. Manya su yi darni da shi. Yara kuwa su fere shi, su yi mota da tabarau da bindiga. Da wannan kara ne samarin ƙasar Hausa suke yin wani wasa tun zamanin kakanni, ana ce masa wasan kara. Wanda ya fi suna shi ne na Damagaram.

Ga yadda yake. Samari su taru su naɗa ɗayansu sarki. A naɗa masa galadima da alƙali da dogarai. Kowa ya ɗauki tafiyar mai sarautar da aka ba shi, da muryarsa, har da irin tarinsa. Takobi na kara, mashi na kara. Da Nasara suka zo, sai aka ƙara kwamanda da tafintansa cikin wasan. Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka ƙara shugaban ƙasa da ministoci. Mutanen gari su kewaye su suna dariya, amma kowa ya san ba dariya kaɗai ake yi ba. Saurayin da ya zauna a kujerar alƙali, ko ta wasa ce, ya ɗanɗana wuyar raba gardama. A ƙasar Kano da Zazzau akwai irinsa, sunansa kalankuwa.

Turawa ma suna da nasu. A 1959 wani Ba'amurke mai suna Allan Calhamer ya fito da wani wasa, Diplomacy. Mutum 7 ke yin sa bisa taswirar Turai ta 1901, kowa da ƙasarsa. Ba a jefa ƙuri'a. Sai dai a keɓe a yi magana, a ƙulla ƙawance, sa'an nan kowa ya rubuta abin da sojojinsa za su yi, a buɗe takardu gaba ɗaya. Nan ne ake ganin mai cika alkawari da mai saɓawa.

A ajinmu mun haɗa biyun, muka yi namu da tarihin ƙasarmu. Ku ma kuna iyawa, ba ya bukatar kuɗi.

Ku fita filin makaranta ku zana taswira a ƙasa da sanda. Ku sa Konni a tsakiya, Adar daga arewa, Gobir daga gabas, Sakkwato daga kudu, Abzin can nesa bayan Adar. Kada ku manta da kwarin Magiya, domin a kansa za a fi jayayya. Sa'an nan aji ya rabu biyar. Kowace ƙasa ta naɗa sarki, da galadima, da sarkin yaƙi, da magajiya mai tsaron rumbu, da manzo. A ba kowace tsakuwa 20, su ne damman hatsinta. Abzin ba ta da hatsi da yawa, sai a ba ta 10, a cika mata da guntayen alli, su ne gishirin da ayari yake kawowa. Konni tana da rijiyoyi da kasuwa. Sakkwato tana da dawaki da tufafi. Babu ƙasar da ta wadatu da kanta.

Kowane zagaye shekara guda ne. Da fari kowane sarki ya zauna da fadawansa su yi shawara. Daga nan manzanni su tashi. Wannan shi ne zuciyar wasan, kada a gaggauta shi. Sarki ba ya zuwa da kansa. Manzo ne zai je, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya isar da saƙo yadda aka ba shi, ya komo da amsa ba ƙari ba ragi. Zai iya neman ciniki, ko hanya domin ayari, ko taimako kan maƙwabci, ko amana. Amana ita ce alkawarin da ƙasa biyu suke yi cewa ba za su taɓa juna ba, wani lokaci ƙaramar tana aika wa babbar gaisuwa kowace shekara. Idan manzanni sun komo, kowane sarki ya rubuta niyyarsa bisa allo a ɓoye: noma, ko ciniki, ko yaƙi. Malam ya buga ƙararrawa, a ɗaga alluna tare.

Wanda ya rubuta yaƙi zai biya dami 5 kafin ya fita, domin mayaƙa suna ci, kuma wanda ya tafi yaƙi bai yi noma ba. Yaƙin kansa da langa ake yin sa. Sarki shi ne ruwa, fadawansa su ne dawaki. Ƙasar da ke da abokin ƙawance ta ari dawakinsa. Wanda ya ci ya ɗauki dami 3 daga rumbun abokin gaba. Ku lissafa da kanku: an biya 5, an samu 3. A ƙarshen shekara malam ya jawo takarda daga ƙwarya, ya karanta abin da Allah ya kawo, ko damana mai albarka, ko fari, ko fara.

Wani zai ce duk ƙage ne. To, ku saurara. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Abzin, ya karɓe Adar daga hannun Kabi, kuma zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Sarkin Adar da ke Illela. Illelar Adar nake nufi, ba wadda ke tsallaken iyaka kusa da Konni ba, domin yara sukan rikita su. A 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya fita da taimakon Abzinawa, jama'ar Shehu Usmanu suka kore shi a Tabkin Kwatto. A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da waɗansu Abzinawa suka haɗa kai, Sarkin Musulmi Bello ya ci su a Gawakuke. Ƙawance yana ƙara ƙarfi, amma kun ga sau biyu bai isa ba.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ɗaci. A 1898 Faransa da Ingila suka zauna a Paris, suka ɗora tsinin kamfas bisa Sakkwato, suka zana baka mai nisan kilomita 160. Abin da ke ciki na Ingila ne, har da Konni. Ba su aiko manzo ko ɗaya wajen mutanen Konni ba. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Konni, ta kashe mutane da yawa. Daga baya, a 1904 da 1906, aka sake zana iyakar, Konni ta koma hannun Faransa. Shi ya sa yau ɗan Konni yake da kawu a Najeriya, tafiyar ƴan kilomitoci, amma a makaranta ɗaya yana koyon Faransanci, ɗaya Ingilishi.

Bara, yaron da muka naɗa Sarkin Adar ya yi yaƙi shekara uku a jere, ya ci duka. Na ukun ma amana ya ci, ya auka wa Konni. Magajiyarsa ta yi ta gaya masa rumbu yana ƙarewa, bai ji ba. A shekara ta huɗu na jawo takarda, sai ga fari. Manzonsa ya zaga ƙasa huɗu yana neman rancen hatsi, kowa ya ce a gaishe da sarki. Fadawan Konni suka daɗe suna gardama, a ƙarshe suka ba shi dami 2, bisa sharaɗin ya sauka daga sarauta. Ya sauka yana ƙunƙuni, suka naɗa magajiyar.

Ba a cewa wane ne ya ci wasan. Kowace ƙasa tana da marubuci, yana rubuta abin da ya faru kowace shekara, da Hausa. Bayan shekara 10 a haɗa rubutun wuri ɗaya, a karanta wa aji. Za ku ji yaƙi ɗaya, amma na Adar ya rubuta shi dabam, na Konni dabam. Kada ku gyara ko ɗaya, ku bar su gefe da gefe.

Kafin ranar wasa, kowa ya tambayi kakansa sunayen sarautun garinku, na maza da na mata, da aikin kowace. Ku zo da su a rubuce, ku zo da kara.