Jiki Ɗaya, Iyayen Gida Biyu: Gajiya, Hutu da Kwantiragin Waje a Wasan Zari-ruga

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son karantawa.

Yau za mu ɗan bar ƙwallon ƙafa ta huta, mu leƙa wani wasan da ba mu cika kallo ba, wato zari-ruga, ko ragbi. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da zari-ruga? Ku dai biyo ni. Tambaya ɗaya nake so mu warware: idan jikinka shi ne jarinka, kuma iyayen gida biyu ke amfani da shi, wa ke da ikon cewa ka huta?

Bari mu fara da yadda wasan yake. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, minti 80 ake yi. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, a hannu ake ɗaukarta a ruga, shi kuma abokin karawa aikinsa ya cafke ka ya kai ka ƙasa. Akwai kuma turereniya, inda ƙarti takwas nan, takwas can, za su sunkuya su haɗa kafaɗu suna tura juna da iya ƙarfinsu. Da yawa daga cikin waɗannan ƙartin sun haura kilo 110, kuma babu hular kwano ko sulke irin na 'yan ƙwallon Amurka. Shi ya sa ɗan ƙwallon ƙafa zai iya buga wasa Laraba ya sake bugawa Asabar, amma a zari-ruga sau ɗaya a mako aka saba, don jiki na ɗaukar kwanaki kafin ya dawo daidai.

Har zuwa 1995, a hukumance ba a yarda a biya ɗan zari-ruga albashi ba. A watan Agustan shekarar, bayan gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu, wadda Nelson Mandela ya miƙa kofinta, aka buɗe ƙofa wasan ya zama sana'a. Kuɗin gidajen talabijin suka shigo, gasanni suka ƙaru, 'yan wasa suka koma atisaye kullum, suka ƙara ƙarfi da nauyi da gudu. Karon ya ƙara tsanani, wasannin ma suka ƙara yawa, a lokaci guda.

To ina iyayen gida biyun suke? Na farko kulob, na biyu tawagar ƙasa. Mu ɗauki ɗan wasan Faransa misali. Gasar ƙasarsu, Top 14, kulob 14 ne, kowanne zai buga wasa 26 kafin a shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. Ana farawa a Satumba, sai ƙarshen Yuni ake gamawa. A tsakiyar wannan akwai gasar zakarun kulob-kulob ta Turai. A Nuwamba ƙasa za ta kira shi wasanni da baƙi, a Fabrairu da Maris ta sake kiransa gasar Ƙasashe Shida, wasa biyar. Yana gama lig a Yuni, sai a ce ya hau jirgi a tafi rangadin Yuli a kudancin duniya. Ku lissafa da kanku, ina hutun yake? Wannan ne ya sa a Yulin 2025 kocin Faransa, Fabien Galthié, ya bar yawancin manyan taurarinsa a gida ya tafi Niyu Zilan da sababbin hannu. An ci su duka wasanni ukun, mutanen Niyu Zilan kuma suka yi ta ƙorafin an raina su, amma shi ya zaɓi ya adana jikin yaransa.

Na Afirka ta Kudu ma ya fi ɗaure kai. A 2021 manyan kulob-kulob ɗinsu huɗu, Bulls da Sharks da Stormers da Lions, suka koma buga gasa da kulob-kulob na Turai, wadda ke gudana daga kusan Satumba zuwa Yuni. Ita kuwa tawagar ƙasar, Springboks, manyan wasanninta daga Yuli zuwa Nuwamba suke. Kun ga kenan ƙafa ɗaya tana bin kalandar arewa, ɗayar tana bin ta kudu, kusan babu watan da ba kowa ke jiransa ba. Ga tafiya: daga Johannesburg zuwa Landan kusan awa 11 ce a jirgi, ka baro zafin Janairu ka sauka cikin tsananin sanyi, ka yi karo da ƙarti, ka sake juyowa.

Hausawa na cewa jiki magayi. Gajiyar da muke magana a kai ta wuce wadda barcin dare ɗaya ke maganinta. Jikin da bai warke ba ya fi saurin yagewar tsoka da tsinkewar jijiya, kuma wanda ya gaji ya fi saurin sa kansa a gurbin da bai dace ba lokacin cafke abokin karawa. Nan ne babban abin tsoron yake, wato ƙwaƙwalwa. A Disambar 2020, Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya bayyana cewa likitoci sun gano yana da ciwon mantuwa yana ɗan shekara 42, kuma ba ya iya tuna wasannin da suka ci kofin da su. A 2021, Carl Hayman, tsohon ɗan wasan Niyu Zilan da ya yi shekaru yana bugawa a Ingila da Faransa, shi ma ya fito da irin wannan labarin yana da shekara 41. Ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun shigar da ƙara a Birtaniya a kan hukumomin wasan, suna zargin ba a kare su daga buguwar kai a kai a kai ba.

Akwai kuma gajiyar zuciya. A Agustan 2022, kyaftin ɗin Ostireliya, Michael Hooper, ya janye ana gab da wasa da Ajantina ya koma gida, don ya ga hankalinsa ba ya kan wasan. A ƙarshen 2023, kyaftin ɗin Ingila, Owen Farrell, ya dakatar da buga wa ƙasarsa don ya kula da kwanciyar hankalinsa da ta iyalinsa. Waɗannan fa ba ragwaye ba ne, suna cikin mafiya taurin rai a wasan.

Hukumar wasan ta duniya, World Rugby, ta ɗan motsa. A 2021 ta ba da shawarar kada atisayen karo da cikakken ƙarfi ya wuce minti 15 a mako. A 2022 ta ce yawancin waɗanda suka samu buguwar kai sai sun yi aƙalla kwana 12 kafin su dawo fili. A 2025 ta fitar da jagora cewa kada ɗan wasa ya wuce wasa 30 a kaka, kada ya jera fiye da mako shida yana bugawa, kuma a ba shi hutun mako biyar a ƙarshen kaka. To amma rubuta ƙa'ida daban, bin ta daban. Ranar wasan ƙarshe, ko ranar da kulob ke neman tsira daga faɗuwa, wane koci ne zai ajiye gwarzonsa a benci don lissafi ya cika?

Yanzu mu zo kan kwantiragin waje. Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa, abin alfahari ne ɗan Super Eagles ya tafi Turai, can ma ake zuwa a ɗauko shi. A zari-ruga abin ya sha bamban. Niyu Zilan, ƙasar All Blacks, ƙa'idarta ita ce in ka sa hannu da kulob ɗin waje, to ka ajiye baƙar riga. Ingila ma haka take yi. Dalilinsu biyu ne. Na farko, in taurari suka watse, gasar gida za ta mutu, masu kallo da masu talla su gudu. Na biyu, ɗan wasan da ke gida kana iya sa baki a yawan mintunan da zai buga, wanda ke waje kuwa sai yadda kulob ɗinsa ya yi da shi. Ayilan ce ta fi kowa cin moriyar wannan tsarin: hukumar ƙasar ce ke riƙe da kwantiragin manyan 'yan wasa, ita ke cewa wane ya huta wannan makon. Johnny Sexton ya kai shekara 38 yana jagorantar tawagarsu a gasar duniya ta 2023.

Sai dai shi ma ɗan wasa yana da nasa lissafin. Sana'ar gajeriya ce, rauni ɗaya na iya rufe ta gobe. Kulob ɗin gida ma ba tabbas: tsakanin 2022 da 2023, manyan kulob uku a Ingila, Worcester da Wasps da London Irish, suka durƙushe saboda bashi, 'yan wasa suka wayi gari ba aiki. Jack Willis na Wasps ya samu mafaka a Toulouse ta Faransa, ya ci kofuna da su, amma bayan gasar duniya ta 2023 Ingila ta daina kiransa saboda yana waje. Richie Mo'unga, wanda ya buga wa Niyu Zilan wasan ƙarshe na 2023, ya koma kulob ɗin Toshiba a Japan, ya ci musu lig a 2024 da 2025, amma All Blacks ba su taɓa shi ba a shekarun nan biyu.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar. Kuɗinta, rand, ba zai iya gogayya da yuro ko yen ba, don haka a 2019, ƙarƙashin Rassie Erasmus, ta soke shingen gaba ɗaya: ka buga duk inda kake so, in ka cancanta za a kira ka. Ta ci kofin duniya a 2019, ta sake ci a 2023 da ta doke Niyu Zilan 12 da 11, da taurari irin su Cheslin Kolbe da Faf de Klerk da Pieter-Steph du Toit da suka yi zaman waje.

Nan akwai abin lura: ba duk waje ne ɗaya ba. Faransa na biya da kyau, amma za ta tatse ka wata goma. Japan kuwa kulob-kulob ɗinta na manyan kamfanoni ne irin su Toyota da Panasonic da Suntory, wasannin lig ba su kai 20 ba, ƙasar kuma ba dogayen tafiye-tafiye. Ga kuɗi, ga sauƙi. Shi ya sa da yawa daga dattawan Springboks suka tare a can, suna tsawaita rayuwar wasansu.

Niyu Zilan ma da ta ga za ta yi asarar gwanayenta, sai ta ɓullo da wata dabara: dogon hutu a cikin kwantiragi. Za a ba babban tauraro wasu watanni, ko ya huta, ko ya je waje ya ɗebo kuɗi ya dawo, ba tare da ya rasa rigarsa ba. Dubi yadda mutum biyu suka yi amfani da shi. Dan Carter ya tafi Perpignan ta Faransa a ƙarshen 2008, a wasansa na biyar agararsa ta tsinke, ya shafe watanni yana jinya. Richie McCaw kuwa a 2013 ya ajiye ƙwallo gaba ɗaya na kusan wata shida, ya dawo ya ɗaga kofin duniya karo na biyu a 2015. A 'yan shekarun nan Beauden Barrett da Ardie Savea sun yi nasu a Japan, Jordie Barrett ya yi nasa a Leinster ta Ayilan. Suna dawowa gida kuma wasannin ƙasa na jiransu daga Yuli. Sunansa hutu, amma a gaskiya canjin wurin aiki ne.

To ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Wa ke samun irin wannan gatan? Wanda hukuma ke tsoron rasawa. Ɗan wasan da kwantiraginsa na shekara ɗaya ne, wanda in ya ce kafaɗarsa na ciwo wani zai maye gurbinsa, shi ba ya da bakin neman hutu. Haka 'yan tsibiran Fiji da Samowa da Tonga, waɗanda ƙasashensu ba su da kuɗin riƙe su. Da yawansu a Faransa da Ingila da Japan suke ci da dangi gaba ɗaya. Doka ta ce dole kulob ya sake su in ƙasa ta kira a lokutan da aka ware, amma kulob ne ke biyan albashi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai mutum ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: ya yi amfani da ɗan hutunsa ya buga wa ƙasarsa a kan kuɗi kaɗan, ko ya zauna ya adana jiki don mai biyansa.

A ganina, wanda ya tafi waje bai ci amanar ƙasa ba, kuma hukumar da ta rufe ƙofa tana da hujjarta. Matsalar ita ce hutu ya zama abin ciniki, mai suna ya saya, marar suna ya haƙura. Alhali buguwar kai ba ta tambayar albashinka. Muddin kulob da ƙasa kowa na lissafin nasa wasannin shi kaɗai, jiki ɗaya ne zai ci gaba da biyan kuɗin duka biyun. Mafita ita ce iyakar wasanni da makonnin hutu su shiga kwantiragin kowa, babba da ƙarami, gida da waje, kuma ƙungiyoyin 'yan wasa su samu ƙarfin tilasta bin su.

Yanzu saura ku. Da kai ne ɗan shekara 29, gwiwa ta fara ƙara, ga rigar ƙasa a hannun dama, ga kwantiragin Japan a hannun hagu, wanne za ka ɗauka? 'Yan uwa mata, ku ma ina jiran ra'ayinku. Ku ajiye amsa a ƙasa, ku tura wa abokan da ke son wasanni. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.